Sabon Sifirin a Motar Ljerka

Ljerka Brnčić ta fi shekara ashirin tana tuƙa bas ɗin gari a birnin Rijeka, ta hau tudu da shi ta gangaro, ko madubin wani ba ta taɓa gogewa ba. Duk ranar da aka buɗe filin tsere na Grobnik ga masu motocin kansu kuwa, sai ta fito da wata tsohuwar ƙaramar mota ja da suka haɗa hannu suka saya ita da yayanta Tihomir. Shi ke gyara, ita ke tuƙi. Tihomir walda yake yi a wajen ƙera jiragen ruwa kafin ya yi ritaya, garejinsa kuma na jikin nawa. Abin da zan faɗa, wani na gani da idona, wani shi ya gaya mini daga baya.

Ljerka ta daɗe tana ƙorafin cewa motar na kwanciya a kwana kamar kwale-kwalen masunta. Sai Tihomir ya yi odar sababbin sifirin masu tauri, tare da shokazobar da aka yi dominsu. Duk mai zuwa Grobnik ya san ba a raba su. Sifirin mai tauri ingarma ne, shokazoba ita ce linzaminsa. In ka danne shi ya taso da ƙarfi, tsohuwar shokazoba ba za ta iya tare shi ba, sai taya ta riƙa tsalle tana sakin kwalta. Tihomir ya fi mu sanin wannan, don shi ya koya wa da yawanmu.

Sifirin suka iso, shokazoba ba ta iso ba. Shi kuma ya riga ya cika baki a gidan kofi cewa Asabar ɗin nan ƙanwarsa za ta ba samarin birnin Zagreb kunya. Ya ɗaura sifirin a kan tsofaffin shokazoba, ya ce wa kansa yini ɗaya ne, ai ba za ta takura wa motar ba.

Da safen Asabar ɗin ta zo da burek, wato gurasa mai nama a ciki, a takarda, ta leƙa ƙarƙashin motar.

"Tiho, ka gama?"

"Tun yaushe! Ke nake jira, sarkin nawa."

"Har da shokazobar?"

"Komai da komai, Seka ƙanwata. Ke dai riƙe sitiyari, ki bar wa manya ƙarfe."

"Manya! Wanda ko tabaransa ba ya iya nemowa sai matarsa Dubravka ta nuna masa yana bisa kansa."

Muka yi dariya, shi ma ya yi.

A fita ta farko ba ta jima ba ta dawo. Ta cire hular kwano tana yamutsa fuska.

"Bayanta na rawa. Kamar ba ta son zama a ƙasa."

Nan ne ya kamata ya buɗe baki. Amma mutane na tsaye, har da waɗanda ya yi wa cika baki. Sai ya durƙusa ya rage iskar tayoyin baya, ya ce, "Sabon abu ne, hannunki ne bai saba ba. Koma."

Ta koma. A wata doguwar kwana da ake shiga da gudu, tayarta ta taɓa dakalin gefen hanya kamar yadda ta saba. Bayan motar ya yi sama, ya dira, ya sake tashi, ya juya da ita. Ta keta cikin tsakuwa ta daki jerin tayoyin da ke jikin shinge. Kafin mu isa ta fito da ƙafarta, tana riƙe da wuyan hannunta na hagu. Targaɗe ne kawai. Tihomir ya rungume ta.

"Ni ce," in ji ta. "Na ji ta tafi, hannuna bai bi ba. Da can da na kamo ta. Na tsufa, Tiho."

Ya ce, "Haka tsere yake."

Sati bai zagayo ba shokazobar ta iso. Ya tura kwalin bayan gareji ya rufe da tamfol. Ya yi ta walda yana miƙe ƙarfen da ya lanƙwashe, ba hira, ba rediyo. Da ya gama ya ɗaura sababbin shokazoba, ya fita shi kaɗai ya hau da motar hanyar tudu. Ta zauna daram kamar an liƙa ta da ƙasa. Ya ce mini a nan ya tsaya gefen hanya ya kifa kansa a sitiyari, don da ma yana ɗan fatan a ce ba laifinsa ba ne.

Ljerka kuwa abin ya zauna mata. Ta je wajen likitan ido, ya ce idonta lafiya lau. Ta je aka gwada jininta da jijiyoyinta, ba a ga komai ba, ita kuma ba ta yarda ba. Wata ranar ruwan sama tana gangaro da bas cike da 'yan makaranta, hannuwanta suka kama rawa. Ta lallaɓa ta kai tasha, ta nemi hutu.

"Ƙaramar mota, ni kaɗai a ciki, na kasa riƙe ta," ta ce mana a bakin gareji. "Sai in ɗauki 'ya'yan mutane?"

Tihomir ya shiga hidimarta ba ji ba gani. Yau ya kai mata kifi daga kasuwa, gobe ya gyara mata famfon kicin, jibi ya yi mata fentin baranda da ba ta ce a yi ba. Ya rame, wandonsa na zamewa. Ya ce mata motar ta gyaru, ta zo ta ɗan zagaya ko a layin gareji ne. Ta ce ya sayar da ita. Ranar da ya fi jin jiki, a gabana ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Wa ke da yaya irin nawa? Na farfasa masa aikin da ya sha wuya a kai, ko uffan bai ce mini ba." Ya juya ya shiga neman wata sifana da ke hannunsa.

Haka aka tafi har sanyi ya kusa, ganye ya fara zuba. Wata Lahadi matarsa Dubravka ta dafa maneštra, miyar wake da ganye, Ljerka ta zo cin abincin rana. Suna cikin ci ta ce gobe za ta je wajen shugabansu ta roƙi a mayar da ita rumfar sayar da tikiti, ta gama da tuƙi.

Tihomir ya ajiye cokali.

"Seka, ba ke ba ce."

"Kada ka fara lallashi, don Allah."

"Ba lallashi ba ne. Ban sa shokazobar ba. Ba ta iso ba sai bayan kin faɗi. Tsofaffin ne a jikin motar ranar nan. Kowa ya hau dakalin nan da ita sai ta jefar da shi."

Ljerka ta dube shi.

"Na tambaye ka."

"Kin tambaye ni."

"Na dawo na ce maka tana rawa."

"Kin faɗa."

Dubravka ta riƙe baki. "Ashe shi ya sa kake ta jigilar kifi? Ni ina nan ina cewa ciwo ne ke cin ka!"

Ljerka ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Motar ba ta dame ni ba. Da a ranar ka faɗa, da na zage ka tas, mu ci abinci mu tashi. Amma kai ka kai ni wajen likitan ido, Tiho. Kana zaune a waje kana jirana. Me kake tunani a kan bencin nan?"

Ta ɗauki jakarta ta fita, miyarta na tururi a kwano.

Ba ta je rumfar tikiti ba, amma ba ta koma kan bas nan da nan ba. Sanin gaskiya bai hana hannu rawa ba, abin ya riga ya shiga jiki. Sai da ta fara da gajerun hanyoyi na bakin teku, inda ba tudu, kafin a hankali ta koma layinta. Duk lokacin sanyin nan ba ta yi wa Tihomir magana ba. Ranar Kirsimeti ta aika wa Dubravka kek, ba ta tako gidan ba. Motar kuwa, ni ta roƙa na jawo mata ita zuwa wani gareji a garin Čavle, aka kwance ƙafafunta huɗu aka duba a gaban idonta. Mai garejin ya ce aikin yana da kyau, sifirin da shokazoba sun dace da juna, babu abin canzawa. Ta ce duk da haka a bar ta a can.

Da sanyi ya wuce ta koma Grobnik. Tihomir ya zo a bas, bai shigo inda ake ajiye motoci ba, ya tsaya can bayan shinge da hannuwansa cikin aljihu. Da rana ta yi, ta hango shi. Ta ɗaga murya.

"Kai tsoho! Za ka tsaya nan kamar turken wuta ne? Zo ka ɗauko mini jarkar man nan."

Ya taho da sauri har yana tuntuɓe. Tun daga ranar suna magana, tana zuwa cin abincin Lahadi, wani lokaci har ta tsokane shi. Jarka da tayoyi yake ɗauka, bai sake shiga ƙarƙashin motar ba, bai kuma nema ba.

Motar yanzu ta fi yadda take a da kyau nesa ba kusa ba. Sai dai Ljerka ba ta gudu irin na da. Duk zagaye, in ta doso doguwar kwanar nan, takan ɗan ɗaga ƙafa daga totur tun kafin lokaci. Masu kallo ba sa lura. Tihomir kuwa a ƙarar inji yake jin sa, don ya san yadda take shiga wurin a da. Nakan tsaya kusa da shi a bakin shinge. In ta kusa kwanar sai ya yi shiru ko da yana tsakiyar magana, ya saurara, ya sunkuyar da kai har ta wuce.