Shatin Dutsen Guga

Hassada ce ta kayar da Yaya, kuma ba a rana ɗaya ta kama ta ba. Shekara biyu tana cin ta a ɓoye, ita kuwa tana dariya da mutane, tana riƙon 'ya'yan ƙanwarta, har ranar Talatar da abin ya fito fili a kan teburin guga.

Da safe ta buɗe ɗakin Auta da makullin da aka ba ta ajiya, ta tarar da abin da ta saba tararwa. Auta na zaune a bakin gado, jariri a nono, littafi buɗe a kan gwiwa, tana ƙoƙarin sa wa ɗaya daga cikin 'yan biyunta safa da hannun hagu. Ɗayar ta shige ƙarƙashin gado ta ce ba ta fitowa sai an nemo mata takalminta, alhali yana ƙafarta. Ruwan shayi ya tafasa har ya kusa ƙonewa. Mijin Auta direban babbar mota ne, kwanansa goma sha biyu a hanya.

Yaran na jin motsin ƙofa suka rugo suka rungume ƙafafun Yaya suna kiran Inna. Ta sauke tukunya, ta goge wa wannan hanci, ta ɗaure wa waccan igiyar takalmi.

Ran nan ce jarrabawar Auta ta ƙarshe a makarantar koyon taimakon jinya da ke bayan asibitin da su biyun suke aikin wanki. Ƙarfe goma za a kira su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya gyara gadon mara lafiya, ya auna zafin jiki, ya juya wanda ba ya iya juyawa, malamai na kallo. Wanda bai zo da farar riga mai tsabta ba, ba ya shiga ɗakin, sai baɗi. Auta kuwa riga ɗaya gare ta. Ta wanke ta, ta ninke, ta sa a leda.

"Yaya, ki goge min ita da babban dutsen wurin aiki. Ba wanda ya iya karin guga kamarki," in ji Auta. Ta ce za ta kai yara makaranta, ta biyo ta karɓa wajen ƙarfe tara. Sai ta yi wani murmushi ta ƙara da cewa, "Don Allah kada ki manta da aljihu."

Yaya ta karɓi ledar ta fita.

Shekararta goma sha ɗaya tana guga a asibitin. Dokar farko a ɗakin wanki ita ce a laluba aljihu kafin a ɗora dutse, saboda ma'aikatan jinya sukan manta da allura ko biro ko ɗan almakashi. Ita ta kawo Auta wurin, ita ta koya mata dokar, har ta taɓa dukan bayan hannunta a kai. Yau ga Auta, don ta riƙe biro kwana biyu, tana tuna mata aikinta.

A cikin bas ta samu wuri kusa da taga, ledar a cinya. Kwandasta na ta faɗa da wani a kan kaya, ba ta ji ba. Tunaninta ya koma shekarar da mahaifinsu ya kwanta ciwo, ta ajiye littafi tana aji uku na sakandare, ita da ba ta taɓa wuce ta biyu a aji ba. Ta fita neman aiki don Auta ta ci gaba. Auta ta gama da ƙyar, ta ce ita karatu ya ishe ta, ta auri wanda take so. Bayan ta haifi 'yan biyu kuma ta tashi ta ce makaranta za ta koma, kowa ya yi ta sa mata albarka. Wa ya riƙe yaran? Wa yake ɗauko 'yan biyu ƙarfe huɗu kullum? Wa yake riƙe littafi yana yi mata tambaya tana inda-inda? Sau nawa Yaya ta san amsa tun ba a buɗe shafi ba, ta haɗiye, don ba ita za a tambaya ba.

Ga shi kuma sati uku ke nan Auta ba ta zama cin abincin rana da ita. Ana yin tashi sai ta haye bene, ofishin ma'aikata, ta dawo tana haki, in an tambaye ta ta ce ba komai. Yaya ta riga ta yanke hukunci: ƙanwarta ta fara neman manya, ta fara jin warin ɗakin wanki. In ta ci jarrabawar nan, sama za ta koma. Za ta yaye zanen gado mai datti ta jefa a kwando, kwandon ya gangaro ƙasa wurin Yaya.

Ɗakin wanki yana can ƙasan ginin, inda ba taga sai guda biyu. Injuna uku na juyawa, ƙasa a jiƙe, warin sabulu da na maganin kashe ƙwayoyin cuta ya cika ko'ina. Shugaban ɗakin wani dattijo ne da ake kira Baba Tururi, yana can ciki yana duba famfon da ke yoyo. Doguwa mai ninkin zannuwa ce ta fara hango ledar.

"A'a, yayar Sista ta iso. Daga gobe sai mun riƙa cire takalmi in za mu gaishe ki," in ji ta. "Ki ce da ita in ta hau sama ta riƙa turo mana masu ɗan dama-dama, mu ma mun san ta da sabulu har gwiwar hannu."

Aka yi dariya. Yaya ma ta yi, iyakar haƙoranta.

Ta kunna dutse, ta shimfiɗa rigar. Ta fara da baya. Hannun da ya saba ba ya tambayar zuciya: ta goge bayan sumul, ta fitar da kari a hannuwa biyu, ta kwantar da kwala. Sannan ta juyo gaba. Ga aljihun ƙirji nan a hagu, daidai inda za a maƙala suna. Ta ji muryar Auta tana cewa kada ki manta da aljihu.

Ta ɗora dutsen a kan aljihun, ta ɗauke hannunta.

Ta juya ta ɗauki rigar filo ta ninke. Ta ɗauki ta biyu ta ninke. Tana ta uku ƙauri ya tashi. Sai ta yi salati da ƙarfi yadda kowa zai ji, ta ɗaga dutsen, ta ce maɓallin zafi ne ya maƙale.

Mata suka taru suna jajantawa. Baba Tururi ya zo yana goge hannu da tsumma. Bai tambayi kowa komai ba. Ya ɗauki dutsen, ya murɗa maɓallin sama da ƙasa, ya gwada a kan wani tsohon ƙyalle. Lafiya lau. Ya ɗauki rigar ya kai bakin taga, ya daɗe yana kallo.

"Shekarata talatin ina ganin ƙuna," in ji shi. "Ƙunar kuskure tana da jela. Mutum yana jin ƙauri yake fizge hannu, sai ta ja gefe. Wannan a zaune take. Ga hancin dutsen, ga gindinsa, ga ramukan tururi goma sha biyu, kowa ya ƙirga."

Ba wanda ya ƙirga. Doguwa ta sunkuyar da kai.

Ya tambayi Yaya ko ta laluba aljihu kafin ta fara. Ta ce ta laluba. Ya dube ta, irin duban da ya sa ta ji da ma zaginta ya yi, ya ajiye rigar a kan tebur.

Tara da kwata Auta ta shigo da sauri, jariri a baya, don matar da ke riƙe mata shi ta tafi kai nata yaron asibiti. Ta ga mutane a tsaye, ta ga rigar. Ba ta tsaya kallon shatin ba. Aljihun ta fara kai wa hannu. Ta zaro wata takarda da aka ninke huɗu, ta yi ja kamar ɓawon burodi. Tana buɗewa tsakiyar ta marmashe a yatsunta.

Yaya ta iya karatu, ba sai an karanta mata ba. A saman abin da ya rage an rubuta ajin manya na ranar Asabar, na masu son kammala sakandare. A ƙasa ga rabin sunanta da rubutun Auta. Inda hatimin ofis da sa hannun Baba Tururi suke, nan ne ya ƙone.

Auta ta yi bayani a hankali, ba ta ɗaga murya ba. Kujera ɗaya ake ba ƙananan ma'aikatan asibitin a shekara. Ita ce ta yi ta hawa bene a kanta sati uku, tana jiran wannan, tana roƙon wancan, har jiya aka buga hatimi. Yau kafin ƙarfe huɗu za a mayar. Ta so in ta fito daga jarrabawa su hau tare.

"Na ce kin riƙe min yara shekara biyu, ni ma zan riƙe miki aikin Asabar har ki gama," in ji ta. "Na sa a aljihu ne don na san ke ba ki taɓa ɗora dutse ba ki laluba ba."



Agogo bai tsaya jiran kowa ba. Baba Tururi ya tuna da wata farar riga a saman kanta, ta wata ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya ba ta dawo ta ɗauka ba. Ya kira babbar Sista a waya ya nemi izini, ta ba shi. Rigar ta yi wa Auta yawa, sai da aka kama ta da fil a baya da kafaɗa. Doguwa ce ta goge ta, karin hannu ɗaya ya karkace. Yaya ta gani, ta san yadda za a gyara cikin minti ɗaya, amma ba wanda ya miƙo mata.

Auta ta kwance goyo. Yaya ta miƙa hannu biyu kamar yadda ta saba kullum. Auta ta wuce ta, ta ɗora jaririn a kafaɗar Doguwa, ta gaya mata inda madararsa take da lokacin da yake barci. A bakin ƙofa ta juyo.

"Yaya, makullina."

Yaya ta kwance shi daga bakin ɗankwalinta ta ba ta.

Da aka tashi cin abincin rana ta tattara marmashin takardar a tafin hannu ta sami Baba Tururi shi kaɗai. Ta ce ai ofis za su iya buga wata in ya yi magana. Ya ce ƙwarai za su iya, takarda ba wuya. Sai dai a ƙasanta akwai layin da shugaba yake sa hannu ya shaida cewa ma'aikaci mai amana ne.

"Jiya na sa hannu a kan abin da na sani jiya," in ji shi.

Ya ce suna na biyu a jerin masu neman kujerar na matar da ke share barandar ɗakin haihuwa ne, ya riga ya aika a kira ta. Ya kuma ce daga yau Doguwa ce a kan dutse. Yaya ta koma bakin ƙofa, wurin rarraba kayan da ake saukowa da su daga sama, ta sa safar hannu.

Tana nan tana ware zannuwan ɗakin tiyata Doguwa ta dawo daga mayar da jariri. Ba Yaya ta gaya wa ba, ɗakin ta gaya wa. Auta ta ci. Malamai har sun taru a kan gadon da ta gyara, suna yaba yadda ta kama kusurwoyin zanen, suka tambaye ta wa ya koya mata haka. Ta ce yayarta.

Ƙarfe huɗu ƙafafun Yaya suka kai ta ƙofar makarantar yara ba tare da ta yi shawara da su ba. Malamar ta ce ai uwarsu ta bugo, daga yau maƙwabciyarta ce za ta riƙa ɗaukarsu, sun ma tafi. Ta ce ɗaya daga cikinsu ta yi ta waiwaye tana tambayar ina Inna.

Yaya ta tsaya a bakin titi, bas biyu suka wuce ba ta tsayar ba.

Da safe ta fito gida tana da kujera a aji, ko da yake ba ta sani ba. Tana da dutsen da ta riƙe shekara goma sha ɗaya. Tana da makullin ɗakin ƙanwarta, da yara biyu masu rungume mata ƙafa, da jaririn da ba ya yarda da bayan kowa sai nata da na uwarsa. Da yamma ba ko ɗaya. Abin da ya rage a hannunta leda ce, a ciki farar riga mai shatin dutse a ƙirji, bayanta kuwa a goge sumul, ba wanda zai sa.