Canjin Makarantar Mikail

Mikail ɗan Yakasai ne, maraya, kuma shi kaɗai Allah ya bar wa mahaifiyarsa, Inna 'Yardada. Yana aji uku a fannin harhaɗa magunguna a wata jami'a can kudu, wani kamfanin mai yana ɗauke da karatunsa, sai rikici ya ɓarke a garin, shekara guda bayan soja sun koma bariki. A bayan motar shanu ya dawo Kano, ba jaka, ba littafi, ƙafa ɗaya ba takalmi. Abokin ɗakinsa, Mamman, bai dawo ba.

Da ƙura ta lafa aka buɗe makaranta, ya durƙusa gaban Inna ya kawo zancen komawa. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ka je gidan su Mamman ka kalli uwarsa, sannan ka dawo ka sake faɗa mini."

"Inna, saura kaɗan fa in gama."

"Ban yafe ba in ka tsallake Kwanar Dangora. Ba ga jami'a nan a gida ba?"

Haka ya fara sintiri neman canjin makaranta. A ofishin ɗaukar ɗalibai ya tarar da irinsa cike da baranda, duk gudun rikici ya koro su. Jami'in da ke wurin, Malam Ɗanjuma, mutum ne mai sauƙin kai, bai ɓoye masa komai ba.

"Samari, gurbin masu canji bai taka kara ya karya ba, kuma ka ga jama'a. Sannan sai tsohuwar makarantarka ta aiko da sakamakonka. In ba shi, ko kallonka kwamiti ba zai yi ba."

Mikail ya rubuta wa tsohuwar makarantar, shiru. Ya je shagon waya a Ƙofar Mata ya yi ta bugawa, har ranar da wata mata ta ɗauka ta ce sai ya zo da kansa ya sa hannu. Kamfanin kuwa amsarsu gajera ce: tallafin na waccan jami'ar ne, ba ya bin ɗalibi duk inda ya tafi.

Kawunsa Sabo, mai sayar da robobi a Ƙofar Wambai, ya ce yanzu ai mulkin farar hula ake, komai da hanya. Ya ja shi gidan wani ɗan siyasa da suka yi wa kamfe. Suka yini a kan tabarma cikin 'yan maula. Da mutumin ya fito, ya dafa kafaɗar Mikail yana amsa gaisuwar wani, ya ce, "An gama, a ba yarana sunansa." Ba wanda ya tambayi sunan.

Ana haka damina ta wuce. Wani ɗan ajinsu ya zo hutu ya shaida masa an cire sunansa a can, saboda ya yi fashin zango biyu ba izini. Mikail bai gaya wa Inna ba. Ya daina zama a dakalin ƙofar gida, don ya gaji da masu ce masa "Dakta, yaushe za a koma?"

Daga ƙarshe Malam Ɗanjuma ya aika a kira shi.

"Na yi iya ƙoƙarina. Za su ɗauke ka, amma aji ɗaya, kuma ba a fanninka ba. Tallafi kuwa, sabbin shiga ake ba wa, kai a wurinsu mai canji ne."

"A can sun ce ni ba nasu ba ne, Malam. A nan kuma ni ba sabo ba ne, ba tsoho ba."

Malam Ɗanjuma ya sunkuyar da kai. "Ka yi shawara da gida."

Da Mikail ya koma gida, ya tarar da Inna ta idar da sallar la'asar. Ya zayyana mata komai, har na cire sunan. Ta daɗe tana jan carbi, hawaye na bin kumatunta.

"Ni na jawo maka, ko?"

"A'a, Inna. Haka Allah ya rubuta."

"To ko yau aka sake tambayata, abin da zan faɗa ke nan: ba za ka koma ba."

Ya ce ya sani. Washegari da safe ya bi Kawu Sabo kasuwa. Kawun ya nuna masa yadda ake jera bokitai, manya a ƙasa, ƙanana a sama, ya ce ya riƙa ɗaga murya in mata sun zo wucewa.