Ƙwallayen Kududdufi

Ni ban taɓa buga golf ba, wasan nan na kora ƙwallo da sanda zuwa rami. Abin da na sani wanki ne. Baban yara shi ke yanke ciyawar filin wasan, kuma duk Litinin sai ya zura dogayen takalman roba ya shiga kududdufin da ke gaban rami na ƙarshe, ya kwaso ƙwallayen da 'yan wasa suka jefa ciki. Ya kawo mini su a buhu, duk gansakuka. Ni kuma in juye a baho, in sa sabulu da tsohon buroshi. Shekara sha ɗaya ina wannan aiki. Masu kyau a mayar ofis, masu tabo a bar wa Autata. Da su ta koya.

Ranar gasar 'yan mata, wadda ta zo ta ɗaya kaɗai za a ɗauka makarantar horo. Shekara uku Auta tana nema, kuma bana ce ta ƙarshe, baɗi shekarunta sun wuce. Babanta yana bakin aiki, sai ta ce ni zan ɗaukar mata jakar sanduna. Wai a dokarsu, mai jaka ne kawai zai ba ɗan wasa shawara.

"Ni da ban san komai ba?"

"Ke dai Umma ki riƙe jaka, ki riƙe bakinki."

"Jakar dai zan iya," na ce.

Rami sha bakwai na bi ta, kafaɗa na zogi, carbi a hannu. Wasan nasu, mai ƙarancin bugu shi ya ci. Da muka iso na ƙarshe, Auta tana gaban wata 'yar likita da bugu biyu. Kowacce ta yi bugun farko, ƙwallayensu suka tsaya nesa kaɗan da ruwan. Ga tutar ramin can tsallake, an kafa ta dab da bakin ruwa. Ta dama kuwa ga ciyawa shimfiɗe, faɗi kamar tsakar gida, sai dai nesa da ramin.

'Yar likita ta fara. Tubarkalla, yarinyar nan ta nufi tuta kai tsaye, ƙwallo ta haye ruwa ta zauna kusa da rami. Wuri ya ɗauki tafi. Na dubi Auta, na ga hancinta ya buɗe irin na babanta.

"Ni ma tutar zan nufa."

"Don me?"

"Umma, kin ce za ki yi shiru."

"Jaka na ce. Ita tana baya, dole ce ta sa ta. Ke me ya koro ki? Ko ta zura yanzu, uku ta yi. Ke huɗu ta ishe ki. Wannan lissafin ko ni na iya."

"Sai a ce tsoro na ji."

"A ce mana! Shekara sha ɗaya ina wanke abin da ke cikin ruwan nan. Kowace ƙwallo a bahona, mai ita tuta ya nufa. Wallahi ban taɓa wanke ta matsoraci ba."

Ta harare ni. Ta tsinki ciyawa ta watsa sama, iska ta kaɗa ta wajen ruwa. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta juya ƙafafunta dama, ta yi bisimilla, ta buga. Ƙwallo ta sauka tsakiyar tsakar gidan nan. Ba wanda ya tafa. Wani mai jar hula ma tsaki ya yi.

Bugu na uku ta gangaro da ita a hankali, amma ta wuce ramin da taku guda. 'Yar likita ta zura tata. Saura Auta, in ta kuskure sun yi kunnen doki, sai an sake. Na rasa wace addu'a zan kama, sai "Ya Allah, Ya Allah" kawai nake yi.

Ƙwal! Ta faɗa.

Ban san sanda na yar da jakar mutane ba. Can gefe na hango babanta tsaye jikin injin yankan ciyawa, ya cire hula yana goge ido da ita, wai shi gumi ne. Na je na dafa 'yar likita na ce Allah ya yi mata albarka, don ita ma abin da ya kamace ta ta yi.

Auta ta ciro ƙwallon daga rami, wata mai tabo da ni na wanke ta da hannuna, ta danƙa mini.

"Ga ta, Umma. A sa a baho."

Na jujjuya ta. A bushe take ƙayau.

"Wannan ba ta ga ruwa ba," na ce, na ƙulle ta a bakin mayafina.