Dinyar da Ta Zagayo

A gidan Bong Doksu da matarsa Malsun ba a tambayar ko lafiya ake, kan akwatin tufafi ake dubawa. Can dinyoyin katako biyu na ranar aurensu suke zaune, ɗaya tasa ɗaya tata, fenti duk ya koɗe. In baki na kallon baki, zaman lafiya ake. In sun ba juna baya, kowa ya kama kansa. Wanda kuma ya fara juyo da tasa, shi ya ba da haƙuri.

Tun ranar da Doksu ya kwashi kimchi, wato kabejin da Malsun ta cuɗa da gishiri da yaji ta binne a tulu, ya kai wa abokan dararsa, dinyarta take kallon taga. Shi ma, don kada a raina shi, ya juya tasa ta kalli ƙofa.

Ga shi yau Uwargida Pyo, mahaifiyar yarinyar da ɗansu ke nema, za ta zo cin abincin rana. Mace ce mai ido, ba za ta kai 'yarta gidan da dinyoyi ke gaba ba.

"Tsoho, tashi ka juya abarka," in ji Malsun.

"Wa ya fara juyawa?" ya amsa daga bayan jarida.

"Wa ya sace mini kabeji?"

"Ci aka yi, aka yaba. Abokina Gu mai aski ne kawai ya ce gishiri ya ɗan yi yawa."

"Gishiri! Da haƙoran nan nasa biyu?"

Sai aka buga ƙofar gida. Doksu ya zura takalmi ya fita tarbar baƙuwa, ya bar Malsun tsaye gaban akwati. Ta miƙa hannu ga dinyarta, ta janye. Ita ce za ta sauko? A kan kabejinta? Sai ta ɗauki tasa cak, ba ta juya ta ba, ta tsallake tata da ita, ta ajiye ta gefen taga. Baki ya kalli baki.

Uwargida Pyo na cire takalmi idonta ya sauka kan akwati. "Ikon Allah! Har da furfura ana baki da baki?"

Doksu ya duba, ya kumbura kamar zakara. Ya raɗa wa matarsa, "Kin sauko ke nan, tsohuwa."

Malsun ta ci gaba da zuba shayin sha'ir. Da ƙarfi ta ce, "Ai tawa ba ta motsa ba, dubi ƙurar gindinta. Tasa ce ta zagayo har gabanta. Haka yake, ba ya iya dogon fushi."

"In ɗan ya gado uban, na ba da 'yata," in ji Uwargida Pyo.

Doksu ya so ya musa, ya tuna auren ɗansa, ya gyaɗa kai.

"Gobe ma za shi kasuwa sayen kabeji," Malsun ta ƙara, tana miƙa masa kofi da hannu biyu. "Wai shi zai yanka, shi zai sa gishiri."