Rimot Tsakanin Madara da Tumatir

Garzali direba ne, amma a gidan Abu Kamil da ke unguwar Al Thumama a Doha direba shi ne mai ban-ruwan fulawa, shi ne mai korar kyanwa, ranar Alhamis ɗin nan kuma ya zama mai hura wuta. Abu Kamil, kafil ɗin nasa, wato uban gidan da ya ɗauko shi aiki, ya sa an girka murhun gas a falon baƙi, irin wanda ake kunnawa da rimot, a garin da ko inuwa gumi take sa mutum. Da zai fita ya ce yana da baƙi bayan la'asar, in suka tarar da wuta tana ci zai amince da hutun Garzali. Shi kuwa an haifa masa 'ya a Gumel, Haulat, har ta fara rarrafe bai taɓa ɗaukarta ba.

Ya danna rimot, shiru. Ya buga shi a tafin hannu, shiru. Ya ciro batir ya ciza ya mayar, ko gezau. Da abin ya faskara sai ya koma ga maganin da ya gada daga rediyon mahaifinsa: ya shanya rimot ɗin a rana har ya ɗau zafi. Nan ma murhu ya yi kunnen uwar shegu da shi.

Hankalinsa ya tashi. Ya kira Dogara, mutumin Jos mai gyaran kayan gas da ke zaune a unguwar Najma, ya zayyana masa komai. Dogara ya yi dariya har da tari.

"Malam Garzali, ka gasa shi ke nan? An saita rimot ɗin nan ne ya riƙa auna zafin ɗaki. Sai ya ji sanyi yake kunna wuta."

"To Oga Dogara, a Doha ina zan samo masa sanyi?"

"Yalla, maza jefa shi a firji, khalas, shi ke nan."

Garzali ya kwantar da rimot tsakanin madara da tumatir. Ba a jima ba wuta ta kama, bal-bal. Baƙi suka zo, aka ƙure esi saboda kada su narke, suna ta ɗaukar hoto. Da Abu Kamil ya tambaye shi yadda ya yi, sai bakin Garzali ya ja masa. Ya gyara tsayuwa ya ce ai wannan sani ne na gado, ba kowa ake ba shi ba.

"Masha Allah," in ji Abu Kamil. "To tunda kai kaɗai ka iya, tafiya sai lokacin baƙi ya wuce. Wata uku."

Garzali ya yi lissafi. Wata uku, yarinya ta fara tafiya ke nan ba ya nan. Bai tsaya neman takalmi ba ya ruga kicin, ya dawo da rimot yana raɓa, da ganyen latas manne a bayansa, ya miƙa a gaban baƙi duka.

"Ranka ya daɗe, ga gadon nan. Firji ne. Ko kyanwar gidan nan za ta iya."

Aka yi ta dariya har wani ya ƙware da shayi. Garzali ya sha kunya iya wuya, bai damu ba. Ranar Lahadi yana cikin jirgi, da 'yan takalma ƙanana a aljihun rigarsa.