Motar Anti Ribas Mai Tafiyar Ƙaguwa

Mutanena, ina gaisuwa. Ku ajiye abin da kuke yi, yau labarin Anti Ribas na kawo muku, matar nan mai koya wa mata tuƙi da wata jar mota da ta girme ni.

Ɗalibanta suka dinga faɗuwa gwajin lasisi, kuma faɗuwa iri ɗaya: da sun shiga motar masu gwajin sai su gangara hagu kamar an kira su. Tsegumi ya tashi, wai hannun Anti ne ba kyau. Mata suka fara sulalewa wajen wani mai koyarwa a bayan kasuwa. In aka ci gaba a haka, makarantar ta mutu.

Anti ta zauna ta yi nazari. Motarta na ja dama, sitiyarin a karkace yake zama. Ashe 'yan matan sun saba danne shi hagu kafin mota ta miƙe, a zatonsu haka tuƙi yake. Sai ta ɗaure mayafi a ƙugu ta nufi gareji.

Oga bakanike na hango ta ya dafe kai. "Hajiya, na saita miki tayoyin gaba har na gaji. Ko ɗalibanki ne masu karkatar?"

"Karkata a bakinka take. Yau ba inda za ni sai an gano."

Ta janye kujerarsa ta zauna. Ya leƙa gaba, ya girgiza taya, ya ce lafiya lau. Ta ce to ya shiga ya tuƙa a hankali, ita za ta bi shi a ƙasa ta gani da idonta. Ku hango min Anti da jikinta tana bin mota a duƙe, masu shago na dariya. Ko ta kansu ba ta bi ba.

"Oga, tsaya! Bayanta ba ya bin gabanta!"

Ya fito yana gunaguni. Ya kwara bokitin ruwa a siminti, ya ratsa da motar ta ciki. Sawun tayoyin baya ya kauce wa na gaba, ƙiri-ƙiri. Nan wasa ya ƙare. Ya ɗauko zare ya ja daga tayar gaba zuwa ta baya, sai ga ta bayan dama ta juya fuska tana kallon wani gari. Ya sa jak ya shige ƙarƙashi.

"Hajiya, ƙarfen da ke riƙe da tayar nan ya lanƙwashe. Dubi gefenta, ya cinye. An buga wani abu?"

"Na ce maka ba a buga komai ba."

"Da baya fa?"

Nan Anti ta tuna. Surukarta ce, Mama, wadda ta gaji da roƙon 'ya'yanta su kai ta unguwa ta ce ita ma sai ta iya. Ran nan tana ribas ta gabza wa dakalin gefen titi, gau! Anti ta fito ta duba fitila da bamba, ba ko ƙwarzane, ta manta da zancen.

Oga ya ce bari ya gasa ƙarfen ya miƙe shi da guduma.

"Ka gasa kanka. Sabo za a sa, matan mutane nake ɗauka."

Ba ta bar garejin ba sai da aka sa sabo, aka saita baya sannan gaba, ta hau titi ta saki sitiyari mota ta tafi sak. Daga nan ta bi waɗanda suka faɗi gida-gida ta gaya musu laifin motarta ne, su dawo a gyara hannu. Wasu suka ce sun gode, da yawa suka dawo.

Washegari Mama ce farkon hawa. Tana ja, mota ta nufi hagu.

"Ke 'yar nan, wa ya lalata motar? Da ta fi miƙewa!"

Anti ta ce, "Sassauta hannu, Mama. Mu sake."

To ku fa, a kujerar Anti, za ku gaya wa Mama wanda ya yi ɓarnar, ko sai dai "mu sake"?