Ruwan Zafin Dada

Tun da Hafiza ta dawo daga Masar a shekarar 2008, ita da mijinta Abdurra'uf kaɗai suka san abin da aka yi mata. An yanke nononta na hagu saboda ciwon daji, aka sa mata na roba a ƙarƙashin fata. Da mahaifiyarta Dada ta tambaya, sai ta ce ɗan ƙari ne aka cire. Kunya ce ta hana ta, ga tsoron kada zuciyar tsohuwar ta karye.

Daga baya aka yi mata gashin inji a Zariya don a ƙone ragowar ciwon. Ciwon kam ya mutu, amma naman da ke kewaye da robar ya ɗaure, nonon ya yi tauri ya haura sama, fatar ta yi baƙi ta yi laushi tana sheƙi. Likita ya ja mata kunne: ba matsawa, ba zafi. In fatar nan ta fashe ba za ta haɗe ba, sai dai a cire robar. Hafiza kuwa, in ban da ranta, ba abin da take tsoron rasawa kamar wannan nonon.

Wata Laraba da hantsi Dada ta sauka daga ƙauyensu Adogi a bayan acaɓa, riƙe da ƙwaryar man shanu. Dada akwai ido. Ta tsufa tana tatsa, daga nesa take gane saniyar da hantsarta ta sankare. Ta lura Hafiza ta kasa ɗaga hannu ta sauko da tire.

"Buɗe in gani," in ji Dada.

"Ba komai, Dada, tabon aiki ne."

"Na ce buɗe."

Hafiza ta buɗe, Dada ta taɓa wurin ta girgiza kai. "Jini ne ya kwanta. Mutanen nan sun iya yanka, ba su iya jinya ba. Ɗora mini ruwa."

"Dada, likita ya hana."

"Likitan ne ya haife ki?"

A nan ya kamata Hafiza ta faɗi gaskiya, kuma abin da haushi. Malama guda, wadda tsawarta ke sa aji ya yi tsit a makarantar Bukan Sidi, ta tashi sumui-sumui ta hura gawayi. A ranta ta ce sau ɗaya ne, da ta ji zafi za ta ce a bari.

Ta manta cewa tun ranar aikin wurin ba ya jin komai. A wajen Dada kuwa, ruwa bai yi aiki ba sai mai shi ya ce wash. Ta tsoma tsumma ta danna.

"Ya shige ki?"

"A'a."

Ba ƙarya ta yi ba. Dada ta ƙaro daga tukunyar da ke tafasa, ta sake dannawa, ta riƙe. Tururi ya tashi har fuskar Hafiza, a nan ne ta ji zafinsa.

"Dada, ɗaga! Don Allah ɗaga!"

Tsumman ya taso da fata a jikinsa. Layin ɗinkin ya buɗe, babu jini, sai wani abu fari sumul yana leƙowa. Dada ta ja da baya tana salati.

Ihun Hafiza ne ya kawo maƙwabciyarsu Ursula, nas ce. Ta duba sau ɗaya ta dafe kai.

"Kai, Madam! Wa ya sa ruwan zafi a nan? Fatan nan inji ya riga ya ƙona shi, ba zai haɗu ba. Roba ya fito, dole su cire. Abeg ki kira Oga mijinki, yau yau ku kama hanyar Zariya."

"Wace roba?" in ji Dada.

Ursula ta dubi Hafiza, ta gane ta yi ɓaranɓarama, ta shiga naɗe wurin da bandeji.

"Sun yanke shi ne, Dada," in ji Hafiza, tana kuka. "Daji ne. Wannan sawa aka yi."

Dada ta zauna daɓas a ƙasa. Hafiza ta jira faɗa, ta jira a ce mata maƙaryaciya. Tsohuwar ta daɗe tana kallon tsumman da ke hannunta, sannan ta yi magana a hankali.

"Naki fa, wanda suka yanke? Sun binne shi?"

Hafiza ba ta sani ba. Ba ta taɓa tambaya ba.